Kumburin Ciki da 'Yan Dubiya

Huji huɗu likita ta yi mini a ciki, kowanne kan ɗan yatsa zai rufe shi. Tsakuwa ce ta taru mini a maɗaciya, na daɗe ina murƙususu duk ranar da na ci abu mai maiƙo, har aka tura ni wani asibiti a Sakkwato. Can aka ce yanzu ba sai an tsaga mutum kamar kifin banda ba. Huji za a yi, a hura iska cikin ya tashi, a zura kyamara a gani, a ciro maɗaciyar ta ɗaya daga cikin hujin. Na ji daɗin wannan magana ƙwarai. Iskar kuwa ban ɗauke ta a bakin komai ba, alhali ita ce ta so ta kashe ni, ita da mutanen da suka hana ta fita.

A ɗakin marasa lafiya na can babu mai jin kunyar wannan abu. Kowace safiya nas ke bin gado-gado tana tambaya da babbar murya, "Kin yi tusa?" Wadda ta ce e, a ba ta shayi. Wadda ta ce a'a, ta ci gaba da kallon ledar ƙarin ruwa. Wata tsohuwa a gadon kusa da nawa da ta samu ta yi, har barka muka yi mata. Ni ɗan kaɗan na yi, daidai wanda ya isa a sallame ni.

Ranar sallamar likitar ta tsaya a kaina, mace ce 'yar gajeriya mai saurin magana. Maigidana yana tsaye a gefe riƙe da ledar magunguna. Ta ce mini sauran iskar da aka hura tana nan, ga hanji ma ya yi sanyi saboda allurar barci, sai a hankali zai farka. Za ki ji ciki ya kumbura, za ki ji kafaɗa tana ciwo, kar ki tsorata. Ki riƙa tafiya, ki sha ruwan ɗumi, ki bar wake da lemun kwalba tukuna. Sannan ta ɗaga yatsa ta ce, "In iska ta zo, kar ki riƙe ta, ko a gaban wa kike." Ta juya wurinsa ta ce, "Malam, ka ji ko?" Ya ce ya ji. Da kunnena na ji ya ce ya ji.

Mun biyo hanya ta Jega da Koko, kowane rami mota ta faɗa sai na ji shi a hujin cibiyata. Kafin mu shigo garinmu Yelwa na rantse a zuciyata ba abin da zai sake ɗora ni a kan hanyar nan da ciwo a jikina.

Muna isa gida na tarar da Inna, mahaifiyar maigidan. Tun kafin a shiga da ni tiyata ta shigo jirgin ruwa daga ƙauyensu da ke gaba da Warra, da buhun busasshen kifi da gero da tabarmarta. Bari in faɗi gaskiya, Inna ba muguwar suruka ba ce. Tun ranar da aka kawo ni gidan ɗanta take ce mini ɗiyata, ba ta taɓa fasawa ba. Ni kuma, da duk bakina da aka sani a makarantar firamaren da nake koyarwa, da masu kifi da ke tsoron cinikina a bakin ruwa, ban taɓa ɗaga murya a gabanta ba. Ko ruwa ba na sha tana kallo. Haka aka tarbiyyantar da ni, haka kuma take yabona a ƙauye.

Ta ɗaga rigata ta dubi filastocin, ta dubi cikin da ya tashi kamar na mai wata bakwai, ta yi salati. Nan take ta ciro zane ta naɗe ta ɗaure mini ciki tamau, irin ɗaurin da ake yi wa mai jego. Na ce, "Inna, likita ta ce in riƙa ɗan tattaki." Ta ce, "Kwanta, ɗiyata. Wanda anka huda wa ciki ba ya yawo, hujin buɗewa za shi yi. Likita ta gama nata aiki, jinya tamu ce." Na dubi maigidan. Yana can yana gyara labule.

Ta shimfiɗa tabarmarta a gindin gadona. Shi kuma ya kwashe kayansa ya koma ɗakin zaure, wai don a samu sarari.

Washegari 'yan dubiya suka fara. Wanda bai yi jinya a garinmu ba bai san dubiya ba. Ba a leƙo a ce sannu a wuce. Zama ake yi, a miƙe ƙafa, a cire mayafi, a yi hirar farashin albasa da wanda jirginsa ya kife bara da wadda aka yi wa aiki irin nawa ba ta tashi ba. Kafin maƙwabta su tashi malaman makarantarmu sun iso, kafin su tashi matan Islamiyya sun yi sallama, a bayansu dangin miji daga Ngaski, dangina daga Shanga. Bazara ce, babu wuta, ɗaki ya cika da numfashin mutane da warin turare. Kuma ba mai zuwa hannu sake. Wannan alale, waccan ƙosai, wancan kwano wake da shinkafa, ga fura da nono, ga lemun kwalba jere a ƙarƙashin gado. Duk abin da likita ta hana, shi mutanen kirki suka ga ya dace da marar lafiya.

Inna ce mai rabo. Kowane kwano sai ta buɗe ta ce, "Ko loma guda ki sa albarka, kar ta ga an raina mata." Mai kwanon tana zaune tana kallon bakina. In na ce na ƙoshi, a ce ciwo ya hana ta ci, a ƙara matsowa da kwanon. Haka na riƙa cusa wake a kan iska, ina murmushi ina cewa an gode, Allah ya bar zumunci, zuciyata kuwa tana tafasa.

Mai karatu zai ce, to ba makewayi a gidan? Akwai. Yana tsakar gida, ƙofarsa guntun langa-langa ce da ba ta kai ƙasa ba, kuma a inuwar da ke gabansa matan da ɗaki bai ɗauka ba suke shimfiɗa tabarma. In na ce zan zaga, Inna ce ke riƙe ni har ƙofa, ta tsaya da buta tana tambaya, "Lafiya dai, ɗiyata?" Ban da haka, abin ba ya zuwa don an kira shi. Yakan zo lokacin da ya ga dama, ina kwance, ɗaki cike. Sai in ji shi yana gangarowa, in cije leɓe, in matse, zufa ta karyo mini, ya koma sama yana ƙugi. In ya koma kuwa fushi yake yi, sai ya daɗe bai waiwayo ba. Ko bayan an watse ba ni da sakewa, don Inna ko ƙadangare ya motsa a rufi sai ta farka.

Ciwon kafaɗar ya fi komai ban haushi. A ciki aka yi aiki, amma kafaɗar dama ce kamar ana soka mini tsinken tsire. Inna ta ce sanyin asibiti ne, ta shafe ni da man zafi har idona na hawaye. Wata ta ce hayaƙi za a yi mini. Wata ta ce a kira wanzami ya yi ƙaho. Kowa likita ne a ɗakin nan, ni kaɗai ce ban san komai game da jikina ba.

Na samu maigidan ya leƙo da safe kafin mutane su taru, Inna tana wanke-wanke. Na ce, "Malam, kana wurin likita ta yi magana. Ka gaya wa Inna a rage mutanen nan, a bar ni in yi tafiya, a bar ni ni kaɗai ko na ɗan lokaci ne."

Ya sosa ƙeya ya ce, "To in ce mata don me?"

"Ka ce mata abin da likita ta ce."

Ya zaro ido. "Haba Malama. Ni in dubi Inna in faɗi wannan magana? Ki daure mana. Mutane don Allah suke zuwa."

Na ce, "Ni ma don Allah nake son numfashi."

Ya ce zai duba, ya fita. Mutumin da ke tsayawa gaban manoma ya yi ta bayanin kashin shanu da na kaji a matsayinsa na malamin gona, shi ne kalma guda ta gagare shi a gaban uwarsa. Wallahi na ji haushinsa fiye da na kowa, don sauran ba su sani ba, shi ya sani.

Kwanaki suka ja, cikin ya yi tauri, in na ƙwanƙwasa sai ya amsa kamar ganga. Numfashi ya koma rabi-rabi. Ranar da na amayar da furar da aka ɗura mini, na jawo waya na kira likitar, na rufe kaina da zane ina magana ƙasa-ƙasa. Ta tambaye ni yaushe rabona da fitar da iska. Na gaya mata. Ta tambaya ko ina tafiya. Na ce an hana. Ta ce, "In gobe ta yi ba ki yi ba, ko kika sake amai, ki taho. Za mu sa miki roba ta hanci mu zuƙe, mu duba ko hanjin ya tsaya." Na ga wadda aka sa wa robar nan a can, na ga yadda take kakari hawaye na zuba. Na tuna ramukan Koko. Na ajiye wayar, ga tsoro ga haushi.

Da aka kira la'asar a ranar, ɗakin ya ɗan yi sauƙi. Mata suka fita alwala, Inna ta ta da salla a tsakar gida. Na lallaɓa na sauko, na kwance zanen da ta ɗaure ni da shi, na jefa bayan gado. Na dafa bango na fara zagaya ɗakin, daga ƙofa zuwa taga, daga taga zuwa ƙofa, a dudduƙe kamar tsohuwa. Ta tagar ina hango ruwa, jiragen kasuwa suna komawa gungu, ƙauyukan tsibiri, da buhuna, wasu mata suna wanki a gaɓa, kowa yana tafiyarsa yadda ya so. Na kurɓi ruwan ɗumi daga fulas. Na ci gaba da zagaye har na ji wani abu ya motsa can ƙasa, ya yi ƙara, ya sauya wuri. Na ce alhamdu lillahi, yau dai. Ina cikin haka na ji sallamar maza a zaure.

Baffa ne, yayan marigayi mahaifin maigidan, babban gidansu gaba ɗaya. Tsoho ne da ba ya fita ƙauye sai da babban dalili, ya shigo jirgi takanas da mutum biyu don ya duba ni. Inna kanta ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa cin abinci yana wuri ba, tun tana amarya har ta yi jikoki. Ta shigo da sauri ta mayar da ni gado, ta lulluɓe ni, ba ta ma lura da zanen ba. Aka shimfiɗa wa Baffa darduma. Maigidan ya durƙusa a bakin ƙofa. Mata suka cika taga da tsakar gida. Inna ta rakuɓe a ƙarshen gadona, kanta a ƙasa.

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Ya ruwa, ya hanya, ya mai jiki, ya aka ji da zafi. Sannan Baffa ya ɗaga hannu ya fara addu'a. Addu'ar Baffa kuwa ba gajera ba ce. Ya roƙa mini, ya roƙa wa yara, ya koma kan magabata ɗaya bayan ɗaya, ya shiga damina da kamun kifi da zaman lafiyar ƙasa. Muna ta amin. A tsakiyar magabatan nan na ji iskar ta taho, wannan karon da gaske, da duk nauyin kwanakin da na yi ina danne ta.

Na san yadda ake mayar da ita, na ƙware. Na fara matsewa ma. Sai na dubi maigidan, ya rufe ido yana amin da ƙarfi kamar ba shi ne aka ce wa "Malam, ka ji ko?" ba. Na tuna robar hanci. Na ce a raina, a kan me? Don kar tsoho ya ji abin da shi ma yake yi kullum? Na saki jikina.

Ba ƙarama ba ce, kuma ba gajera ba ce. Ta fito ta tsaya ta sake ci gaba. Addu'a ta katse. Matan taga suka yi tsit, har ƙarar injin wani jirgi daga nesa na ji. Ni kuwa abin da na ji a jikina ba zan iya kwatanta shi ba. Kamar an sauke mini dutsen niƙa daga ƙirji. Na ja numfashi ya kai har ƙasa, karo na farko tun daga Sakkwato.

A cikin shirun nan Inna ta yi gyaran murya. Ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Ku gafarce ni, Malam babba. Tsuhwa ne ya kai ni."

Na san abin da ta yi. A wurinmu haka babba ke yi wa nasa, ya ɗauki abin kunya ya aza wa kansa. Kuma na san abin da ya ci mata, mace mai jikoki, a gaban mutumin da ta yi shekaru ba ta ko tari a gabansa. Da na yi shiru, da shi ke nan. Baffa zai shafa fatiha, mata su ƙunshe dariya, a ce tsohuwa ce, a manta.

Amma da na yi shiru, gobe ɗakin nan zai sake cika. A sake ɗaure ni, a sake kawo wake, in sake cije leɓe, don ba kullum Inna za ta yi ta cewa ita ce ba. Kuma abin da na yi kwana da kwanaki ina roƙon Allah a kansa, abin da aka yi wa tsohuwar asibiti barka saboda shi, shi ne ake gaggawar rufewa kamar na yi sata. Raina ya ɓaci, ya ɓaci sosai.

Na ce, "Baffa, ba Inna ba ce. Ni ce."

Inna ta damƙe ƙafata ta cikin zane. Ban tsaya ba.

"Iska aka hura mini a asibiti, likita ta ce in ba ta fita ba za a mayar da ni a sa mini roba ta hanci. Ta ce in yi tafiya, ta ce kar in riƙe. Tun da na dawo nake riƙewa saboda mutane. Ga shi nan, yana wurin aka faɗa, ku tambaye shi."

Duk ido ya koma kan maigidan.  Baffa ya dube shi ya daɗe, sannan ya shafa fatiha a taƙaice ya ce, "Allah shi ƙara sauƙi." Ya dafa sandarsa ya miƙe. Kafin a kira magariba gidan ya zama fayau, har kwanukan da aka kawo an kwashe.

Labari ya zaga unguwa, ya haye ruwa. Washegari ba wanda ya zo sai ƙanwata, ita ma a tsaye ta gaishe ni. Na yi tafiyata a tsakar gida, na fita har bakin ruwa na dawo, na sha ruwan ɗumi, na saki abin da ya rage ba tare da na nemi izinin kowa ba. Cikin ya sauka, kafaɗa ta saki. Na kira likitar na gaya mata, ta ce madalla, ba sai na zo ba. Maigidan ya yi kwanaki yana cin magani, wai na tozarta shi a gaban manya. Na ce masa ya gode wa Allah ba a motar Sakkwato yake wannan fushin ba.

Daren da Baffa ya zo, Inna ba ta kwana a ɗakina ba. Da safe na same ta tana naɗe tabarmarta. Na durƙusa iyakar yadda hujin ya bar ni na ce, "Inna, ba ki gama jinyar ba."

Ta ci gaba da ɗaure kayanta. Can ta ce, "Na tuɓe zanena na ruhe ki gaban mutane, kin yaye kin yar. Yanzu ni ce tsohuwar da ta yi ƙarya gaban Malam babba."

Na ce, "Inna, ciwo nike ji."

Ta ce, "Na sani. Allah shi ba ki lafiya, Malama."

Ɗanta ya ɗauki kayan ya raka ta bakin jirgi.

An yi shekaru yanzu. Tabon hujin sai na nema nake ganinsa. In na je dubiya, daga bakin ƙofa nake cewa sannu, in ajiye sabulu in juya, ana cewa girman kai ne, su ta shafa. Da za a mayar da ni kan gadon nan, da Baffa da addu'arsa, abin da na faɗa shi zan sake faɗa, kuma har gobe ina jin haushin mutumin da jimla guda daga bakinsa za ta hana duk wannan. Inna tana aiko mana da busasshen kifi duk kaka, tana zuwa suna da biki, muna gaisawa da mutunci. Ba ta sake kwana a gidana ba. Malama take ce mini, kamar yadda iyayen yaran makaranta suke cewa.